Neman shawara: wanda ya duba mini gida a Karkada ashe shi ya kula da gininsa

Mai tambaya:
Assalamu alaikum ƴan'uwa. Yayana da ke aiki a Aljeriya ya turo kuɗi in saya masa gida a nan Damagaram. Mun samu wani a Karkada, ginin siminti, ɗaki huɗu da falo, an zuba dal, wato rufin kankare, a sama. Mun daidaita a miliyan 9 na sefa, na ba da kafin alƙalami miliyan 1. Da yake amana ce a hannuna, na ce sai masani ya duba ginin. Dillalin, wanda abokin Babanmu ne, ya kawo wani da ake ce wa injiniya, na biya shi jika 40. Ya zagaya, ya ƙwanƙwasa bango da makullin babur ɗinsa, ya ce gida lafiya lau. Na ce ya rubuta mini, ya ce maganarsa ta isa.

Amma a ɗakin ƙurya akwai tsaga da aka cike aka shafe da sabon fenti, ta taso daga kusurwar taga ta haura a karkace, ƙofar ɗakin kuma tana cijewa. Ya ce yaɓe ne kawai, in na saya yaransa za su gyara. Jiya wani maƙwabci ya ce mini injiniyan nan ne ya kula da ginin tun farko, kuma mai gidan ya yi masa alkawarin wani abu in ciniki ya faɗa. Don Allah haka aikinsu yake? Me zan yi?

Injiniyan gine-gine, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ba haka aikinmu yake ba, kuma raina ya ɓaci da na karanta. Wanda ka biya ya duba maka gini naka ne kai kaɗai har ya gama. In yana da hannu a ginin, ko yana jiran kuɗi daga mai sayarwa, wajibinsa ne ya gaya maka kafin ya karɓi ko dala ɗaya, kai ka zaɓa. Mutum ba ya zama alƙali a kan aikin hannunsa. Wannan ƙa'ida ce a ko'ina. A Ingila ƙungiyar ƙwararrun masu awo da duba gine-gine, RICS, wadda aka kafa tun 1868, tana ladabtar da mambobinta a kan irin wannan ɓoyon. Mu ma muna da ƙungiyoyin masu zanen gini, da na injiniyoyi, da na masu awon fili a Yamai. Tambaye shi wacce yake ciki, da takardar karatunsa. Ka lura, mai awon fili iyakoki da turaku yake tabbatarwa, ƙarfin gini ba fanninsa ba ne.

Ƙin rubutawar ya fi komai damuna. Rahoto na gaskiya yana ɗauke da kwanan wata, hotuna, sa hannu da hatimi, yana faɗin abin da aka gani da abin da ba a iya gani ba, kamar harsashi da ke ƙarƙashin ƙasa. Wanda ya ƙi sa hannu ya san ranar tambaya na zuwa. Sai kuma maganar yaransa. Mai duba gini da ke tallar gyara tun a wurin dubawa, ba ka san ko idonsa ne ke magana ko aljihunsa ba.

Ban ga tsagar ba, don haka ba zan yanke mata hukunci daga nan ba. Amma tsagar yaɓe siririya ce kamar gashi, ba ta sa ƙofa cijewa. Wadda ta karkata daga kusurwar taga tare da cijewar ƙofa, sau da yawa alama ce wani ɓangaren harsashi ya zauna. Ka duba bangon ta waje. In ta ratsa har can, maganar yaɓe ta ƙare.

Tsohon magini, Garin Malam:
Yaro, ƙasar garin nan a wuri ɗaya za ka tarar da dutse, taku goma gaba kuma tsohon rami ne da aka cike da shara. Gida ya hau rabi kan dutse rabi kan ciko, dole gefe ɗaya ya sauka. Je ka tambayi tsofaffin unguwar me ke wurin kafin a yanka fili, da inda ruwa ke kwanciya a watan Agusta. Daminar 2024 ta nuna wa kowa, har tsohon masallacin Birni ya faɗi a watan Satumba.

Ka kankare fentin, ka manna farar ƙasar gyaran silin a kan tsagar, ka rubuta kwanan wata a gefe. In ta fashe, bangon yana tafiya har yanzu. Ka tambayi buhun siminti nawa aka sa a dal ɗin. Ƙa'ida buhu 7 ne mai kilo 50 a kowace mita kubik, a yi ta ba shi ruwa, sai kwana 28 ya kai ƙarfinsa. Mu da muke sayen ruwa wajen ƴan garuwa, a nan ake yawan yi wa gini rowa.

Wani ɗan kasuwa:
A yi masa adalci mana. Damagaram kowa ya san kowa, da wuya ka samu injiniyan da bai san mai gida ba. Kuma maganar maƙwabci ce kawai.

Injiniyan gine-gine, Sabon Gari:
Alhaji, gaskiyarka, sani ba laifi ba ne, shi ya sa nake cewa a tambaye shi a gaban shaidu. Laifin shi ne ɓoyewa. Ni ma akwai gidajen da nake cewa a nemi wani, don ni na zana su.

Malamin islamiyya:
Annabi (SAW) ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu. Ɓoye aibin kaya ha'inci ne, kuma mai saye yana da damar fasawa in aibin ya bayyana. Wanda aka ɗauka ya duba ya yi shiru, shi ma yana da kasonsa.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Na duba ta waje, tsagar ta ratsa. Abin da ya rage mini shi ne Baba dillali, ina jin nauyinsa.

Wata Hajiya, Zango:
Ɗana, kada ka tunkare shi kai kaɗai. Fara kiran yayanka yau, ka tura masa hoton tsagar ciki da waje. Sannan ka gaya wa Babanku, shi zai yi wa abokinsa magana. Abin da za a ce kawai, mai kuɗi ya ce sai wani injiniya na daban ya duba ya rubuta. Kai za ka nemo shi, kai za ka biya shi, ka karɓi rasit, kada dillali ya raka shi. Kafin nan kada ka ƙara ko dala. Ku zauna da mai gidan a gaban shaidu biyu, a rubuta cewa in rahoto ya nuna matsalar harsashi, ko a rage kuɗin gyara daga farashi, ko a dawo muku da miliyan ɗinku.