An sa wa Baba raga a jijiyar zuciya, yanzu ya ce zai daina shan magani

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata biyu ke nan da aka sa wa mahaifinmu ragar ƙarfe, wadda likitoci ke kira sitent, bayan jijiyar zuciyarsa ta toshe. Alhamdulillah ya miƙe, har masallaci yana zuwa da ƙafarsa. Damuwata ita ce magungunan tsinka jini, aspirin da clopidogrel, da aka ɗora shi a kai. Da ya yi asuwaki sai dasashinsa ya yi jini, ko ƙofa ya buga sai wurin ya yi baƙi. Ya ce shi ya warke, zai ajiye maganin, har ya aika a kira masa wanzami a yi masa ƙaho. Ni wallahi hankalina bai kwanta ba. Me zan gaya masa?

Wani ma'aikacin jinya: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Don Allah kada ya ajiye ko ƙwaya ɗaya sai likitan da ya yi masa aikin ya ce. Jikinsa ya yi sauƙi, amma cikin jijiyar bai gama warkewa ba. Cikin kowace jijiya akwai wata 'yar fata mai santsi da jini ke bi ta kanta. Lokacin da aka hura ɗan balan-balan a cikin jijiyar aka buɗe ragar, fatar nan ta ƙuje, ƙarfe ya zauna tsirara. Jini kuwa in ya haɗu da baƙon abu, ƙwayoyinsa masu sa daskarewa sukan taru a kai, gudan jini ya toshe hanyar farat ɗaya. Magungunan nan biyu su ke hana haka har sai sabuwar fata ta rufe ƙarfen.

Yawancin ragar da ake sawa yanzu shafe take da magani irin su everolimus, wanda ke hana naman bangon jijiya yin tozo ya sake matse hanya. Amfaninsa babba ne, sai dai yana jinkirta rufewar fatar. Shi ya sa wanda ya samu bugun zuciya akan bar shi a kan magungunan biyu kimanin wata 12, daga baya a ci gaba da guda ɗaya.

Wata uwar gida: Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Maigidana ma an sa masa. Mu buroshi mai laushi muka saya masa a madadin asuwakin, jinin dasashin ya ragu sosai. Kuma ki lura da maganin ciwon jiki na kemis, ibuprofen da diclofenac suna ƙara zubar jini. In kashinsa ya koma baƙi kamar kwalta, asibiti za ku nufa a ranar.

Wani dattijo: 'Yata, ƙahon nan a ɗage shi. Wanzami tsaga yake yi, mai shan maganin tsinka jini kuwa jininsa ba ya saurin tsayawa. Kuma kada ki tunkare shi da gardama, mu tsofaffi ba ma son yara su yi mana umarni. Ki samo amininsa ya raka shi wurin likita ya ji da kunnensa.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa Mama, ta aika wa wanzamin ya dakata. Kawu zai kai shi asibiti ranar Litinin, kuma na daren yau ni na miƙa masa da ruwa, ya sha.