Fenomenon da numenon a falsafar Kant: ina sababi ya tsaya?

Masana falsafa, don Allah a taimaka da ƙarin haske.

A littafinsa na 1781, Immanuel Kant, masanin falsafa Bajamushe, ya kira abu kamar yadda yake bayyana gare mu da fenomenon: ya biyo ta gaɓoɓin ji, ya shiga wuri da lokaci, sannan hankali ya tsara shi da rukunai 12 na tushen fahimta. Numenon kuwa shi ne abin a karan kansa, babu hanyar saninsa.

Ga inda gizo ke saƙar. Sababi yana cikin rukunan nan 12, kuma Kant ya ce ba su ba da ilimi sai a kan fenomenon. To, yaya za a ce abin da ke can, wato numenon, shi ke taɓa gaɓoɓinmu har mu ga ja ko mu ji zafi? Ai taɓawar ma sababi ce. Jacobi, wani masanin falsafa Bajamushe, ya nuna wannan ƙullin tun 1787.

Wasu sun ce duniya biyu Kant yake nufi, wasu kuma abu ɗaya ne ake duba ta fuska biyu. Na biyun ya fi kwanta mini, amma bai kwance ƙullin ba. Shin numenon iyakar ilimi ce kawai, ko samamme ne da gaske?