Shekara 22 na koci Wenger a Arsenal: musayar baitoci

Babban Yaya:
Da sunan Allah na buɗe fage, 'yan uwa,
Wenger zan yi wa waƙa, ba ni fasawa.
A 1996 ya baro Japan ya sauka Landan,
Ana ta tambayar wane ne, ba mai ganewa.
Kofin Firimiya uku ya jere mana a filin Highbury,
Na 1998 da 2002, na 2004 ya fi burgewa:
Wasa 38, nasara 26, canjaras 12,
Kaka guda cur, ba wanda ya iya kayarwa.

Autan Zaure:
Yaya, na ji, ban musa maka ko ɗaya ba,
Amma ni cikin fari na soma tasowa.
Tsakanin kofin 2005 da na 2014 hannu wayam,
Mataki na huɗu ya zama abin nunawa.
Ran da Manchester United ta zura mana 8 a 2011,
Na kashe talabijin, hawaye na zubowa.
Henry ya tafi, Fabregas ya bi shi Barcelona,
Van Persie kuwa ga United aka yi sayarwa.

Babban Yaya:
Ƙanena, wanda ya gina gida da bashi
Ya san ba kullum tukunya ke tafasowa.
Filin Emirates da muka koma a 2006,
Bashinsa ya ɗaure hannun dattijo a sayowa.
Yara ya raina, manya na ta watsewa,
Kaka 20 a jere, huɗun farko bai ficewa.

'Yar Uwa:
Yayana da ƙanena, ku ba ni wuri,
Ni ciwona daren Paris ne, ya ƙi warkewa.
A 2006, wasan ƙarshe da Barcelona, minti 18, aka kori golanmu Lehmann,
Campbell ya sa da ka, muka soma tsammanin ɗagawa.
Eto'o ya farke, Belletti ya ƙara,
Kofin Zakarun Turai ya zame muna kallon wucewa.
Sai in tuna Kanu a gidan Chelsea, 1999,
Uku rigis a ƙarshen wasa, zuciya ta yi sanyayawa.

Autan Zaure:
Yaya mace, kin taɓo inda ke min zafi.
Kofin FA bakwai Wenger ya ci, ban mantawa.
Da ya sauka ran da muka doke Hull a 2014,
Da bai ga kwalayen kora ana ɗagawa.

Babban Yaya:
Kwalayen nan sun ƙona min rai, Auta.
Amma ka tuna Mayun 2018, ranar rabuwa:
Biyar ba ko ɗaya muka yi wa Burnley,
Fili ya miƙe tsaye, sunansa ake ta rerawa.