Neman shawara: in yi babban aiki da jarina kamar yadda Dinglinger ya yi?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni maƙerin zinariya ne, shekarata tara a sana'ar, kuma kullum aikina bai wuce zobe, 'yan kunne da gyaran sarƙar da ta tsinke ba. Kwanaki na karanta tarihin wani maƙeri Bajamushe, Johann Melchior Dinglinger, tun daga nan na kasa samun sukuni. An haife shi a Biberach a 1664, ya koyi aiki a Ulm, ya iso Dresden a 1692, a 1698 kuma sarkin Sakson (yankin Jamus da Dresden ke ciki), Augustus Mai Ƙarfi, ya naɗa shi maƙerin fada. Daga 1701 zuwa 1708 ya ƙera ƙaramin kwaikwayon fadar Sarki Aurangzeb na Indiya yadda take a ranar bikin haihuwar sarkin: 'yan mutum-mutumi 132 na zinariya, da giwaye da masu kawo gaisuwa, da lu'ulu'u wajen 5,000. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne babu wanda ya sa shi. Da kuɗinsa ya yi, sai da ya gama sarki ya saya a kan kusan Taler (kuɗin azurfa na lokacin) 60,000. Ni ma ina da ɗan jarin da na tara, ina so in narka shi in yi aiki ɗaya da za a san ni da shi. Maigidana ya ce in bari. Me kuka gani?

Amsar wani dattijo a sana'ar:

Wa alaikumus salam. Yaro, ka karanta labarin amma ka tsallake rabinsa. Lokacin da mutumin nan ya fara aikin ya riga ya shekara uku yana maƙerin fada, kuma ya gama wa sarkin kayan shan kofi na zinariya a 1701. Ya san mai sayensa, ya san abin da ke burge shi. Augustus mutum ne mai son a ga arzikinsa, shi ya sa aka zaɓo masa fadar sarkin da Turai ke ganin babu mai dukiyarsa a duniya. To kai wa ka sa a gaba? Kira mini mutum ɗaya. In babu, maigidanka ya fi ka gaskiya, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba.

Amsar wata mai sayar da gwala-gwalai:

Ƙanina, ni ta wajen kuɗi zan yi maka magana. Ko shi Dinglinger ba a rana ɗaya aka biya shi ba. Ana cikin yaƙi da Suwidin, har sojojinsu suka mamaye Sakson a 1706, sarki ya yi ta biya kaɗan-kaɗan har shekaru. Na taɓa sa a yi mini wani saiti mai nauyi ba tare da kowa ya nema ba, ya yi wata goma sha ɗaya a cikin gilashi. Mata su ɗaga, su juya, su yaba, su ajiye, su sayi ɗan zobe. Ƙarshe narka shi aka yi, kuɗin aikin ya bi ruwa. Har yau in na tuna sai raina ya sosu. In za ka yi, kada ka taɓa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na jarinka.

Amsar wani ɗan'uwa mazaunin Jamus:

Na ga aikin da idona a gidan ajiyar da ake kira Grünes Gewölbe a Dresden. Kowane mutum-mutumi bai wuce tsawon yatsa ba, amma rawaninsa da rigarsa duk an yi musu launi da gilashin da ake narkawa a wuta. Ba shi kaɗai ya yi ba fa. Ƙaninsa Georg Friedrich shi ne gwanin launin, ɗaya ƙanin, Georg Christoph, yana kan duwatsu, ga kuma ma'aikata. Shi kansa bai taɓa taka Indiya ba, daga labaran matafiya ya haɗa abin, kuma Aurangzeb ya rasu a 1707 aikin bai kammala ba. Ni ban ce ka haƙura ba, domin burin nan naka mai kyau ne. Fara da azurfa, ka yi ƙarami, abin da za ka gama cikin wata uku kana ci gaba da aikin da ke ciyar da kai. Ka nemi wanda ya fi ka iya dasa dutse ku haɗa hannu.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, tambayarka ta hana ni barci, domin ban samu sunan ko mutum ɗaya ba. Zan fara da azurfa: doki da mahayinsa cikin kayan hawan salla, wajen giram 200. Gobe in Allah ya kai mu zan kai wa maigidana zanen ya duba. Yaya, in na gama za ki yarda in ajiye shi a shagonki mu ga abin da masu saye za su ce?