Tambaya kan zuwa kallon wasan besbol da iyali a filin Fenway

Baban Usman: Assalamu alaikum. Muna zaune kusa da birnin Boston na Amurka, kuma yarana biyu sun matsa mini lamba in kai su filin Fenway su kalli ƙungiyar Red Sox, alhali ni ƙwallon ƙafa kawai na sani. Ina ya kamata mu zauna, kuma yaya ake zuwa?

Hajiya Maman Khadija: Wa alaikumus salam, Baban Usman. Mun je bara da maigidana. An buɗe filin a shekarar 1912, shi ne mafi tsufa a babbar gasar ƙasar, kuma tsufan nasa yana bayyana a kujerun katako masu matsi da ginshiƙan ƙarfe da ke riƙe da rufi. Mu dai ginshiƙi ya tsaya mana a gaba, har sai da na wuni ina leƙe kafin in ga mai jifa, wato ɗan wasan da ke jefa wa mai sanda ƙwallo ya buga. Ka duba wannan sosai kafin ka biya kuɗin tikiti.

Malam Sani: Ka bar mota a gida, ka hau jirgin ƙasa na koren layi ka sauka a tashar Kenmore. Ka nuna wa yaran koriyar katangar nan ta gefen hagu mai tsayin ƙafa 37, wadda har yanzu da hannu ake sauya alƙaluman makin da ke jikinta. Zagaye tara ake bugawa, saboda haka ku yi shirin zama.

Baban Usman: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Za mu nemi wasan rana saboda ƙaramin.