Fumfunar huhu: sunan da na tsaya a kai

Jama'a, ina neman sunan Hausa na cutar huhun nan da likitoci ke kira asfajilosis. Na gaji da jin ana ce wa majinyaci "wata ƙwayar cuta ce". Da wannan bayani yakan koma gida yana zaton tarin fuka ne ya dawo, ko kuma ƙanjamau ake ɓoye masa, alhali gwaji ya nuna ba ya da shi.

Wani ya kawo "naman gwari", don ana ganinsa a rubuce a matsayin fassarar "fangas", wato dangin halittun da mai haddasa cutar ya fito daga ciki. Ban karɓa ba. Da ka faɗe shi, hankali zai tafi ga abin da ke tsirowa a ruɓaɓɓen icce da damina, ga kuma sunan wata al'umma maƙale a jiki. Makero da ƙyasfi kuwa na fata ne, mu bar su can.

Ni dai fumfuna na zaɓa, wadda wasu ke rubutawa funfuna. Ita ce ke fitowa a bango mai laima da abincin da ya kwana biyu, kuma Asfajilos, mai haddasa wannan cuta, daga cikinta yake. Ƙurar irinta na yawo a iska, kullum muna shaƙa, lafiyayyen huhu ya kawar da ita. Amma tarin fuka yakan warke ya bar kogo a huhu. A nan ne fumfunar ke samun wurin zama, ta yi ta girma har ta dunƙule. Sai tari, wani lokaci da jini, da rama, da kasala. A gwada majina ba tarin fuka, a sake ɗora mutum kan maganinsa duk da haka, wata da watanni ba sauƙi. Maganin da ke taɓa ta irin su itrakonazol ne, aƙalla wata 6.

Masu asma, da waɗanda aka yi wa dashen ƙoda, da masu shan maganin ciwon daji ko sitiroyid na dogon lokaci, duk tana iya kama su. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wani nau'in Asfajilos a rukunin mafi haɗari cikin jerin fangas 19.

Wata 'yar'uwa ta ce ba kowane fangas ne fumfuna ba, wasu dangin yis ne. Gaskiyarki, Malama. Shi ya sa na bar "fangas" ga dangin baki ɗaya, "fumfunar huhu" ga wannan cuta kaɗai. Dunƙulen cikin kogon kuma na sa masa "curin fumfuna". Mai wanda ya fi wannan ya kawo.