"Phone it in": a ina kuka taɓa cin karo da wannan karin maganar?

Ma'aikaciyar jinya a Ingila:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Jiya shugabar sashenmu ta ce game da wani abokin aikinmu, "he's just phoning it in these days." Mutumin kullum yana zuwa aiki, ba ta waya yake yi ba. Daga yanayin fuskarta na san ba yabo ba ne. Don Allah wanda ya taɓa jin ta a bakin masu harshen ya ba mu labari.

Malamin Turanci, Zariya:
Wa alaikumus salam Hajiya. Nufinta yana aikin ne don cika umarni kawai, jikinsa na wurin amma zuciyarsa ba ta wurin. Mu sai mu ce aikin jeka-na-yi-ka, ko a yi dai a wuce wurin. Daga Amurka maganar ta fito, kuma can har "mail it in" suna cewa, musamman a harkar wasanni. Ɗalibaina kan haɗa ta da "not lift a finger", alhali wannan shi ne wanda ko tsinke bai kawar ba. Mai "phoning it in" ya yi aikin, sai dai sama-sama.

Tsohon ɗan jarida, Kaduna:
Malam ya yi bayani, Allah ya ƙara basira. Ni abin da ke sosa mini rai shi ne asalinta. Wasu na danganta ta da 'yan jaridar da kan karanto rahoto ta wayar tarho, wani a ofis yana rubutawa, maimakon su zo su zauna su tsara shi da kansu. To mun yi wannan aikin a shekarun 1980, lokacin layukan NITEL, kuma wallahi ba lalaci ba ne. Ka wuni a kotu ko wurin taro, ka nemi inda akwai tarho, ka jira layi ya shiga, sannan ka riƙa faɗin sunayen mutane harafi-harafi don kada mai rubutu ya ɓata su, edita kuma na jira a rufe shafi. Shi ya sa ranar da na fara jin wani Bature da ya zo horar da mu ya faɗe ta a matsayin zargi, raina bai so ba. Na gane abin da suke nufi, wato wanda ya ƙi ko tako ƙafarsa wurin aiki. Amma har yau ba na furta ta a kan ɗan rahoto.

Ɗan ƙwallo na gidan kallo, Kano:
Baba Allah ya ja kwana. Ni a bakin masu sharhin Firimiya na ji ta, a ƙarshen kaka, kan ƙungiyar da ba ta neman kofi kuma ba ta tsoron faɗawa rukuni na ƙasa. 'Yan wasa na yawo a fili, ba mai bin ƙwallo.

Ɗalibar digiri na uku a Amurka:
Abin da ɗan'uwa ya faɗa ya taɓo inda nake so in tsaya. Ba a faɗa wa ɗan koyo wannan magana. Sai wanda aka san ya iya, ya ƙi fitar da iyawarsa. Na ji wata farfesa ta gaya wa abokiyar karatuna haka a kan wani babi, kuma ta yi kuka sosai, domin a makonnin nan mahaifiyarta na kwance asibiti. Farfesar ba ta sani ba. Tun ranar nake jin nauyin maganar, don hukunci ce a kan niyyar mutum, niyya kuwa Allah kaɗai ya san ta. Hajiya, wataƙila abokin aikin naku ma gajiya ce ta cinye shi, aikin dare ba wasa ba ne.

Malamin Turanci, Zariya:
Gaskiya ne 'yar'uwa. Ƙari ɗaya, Hajiya, tunda a asibiti kike: "it" ɗin nan ita ce ke riƙe da ma'anar. "Phone in sick" kira ne ka sanar ba ka da lafiya, "phone-in" kuma shirin rediyo ne da masu sauraro ke bugo waya. Sannan magana ce ta hira, kada ki sa ta a rahoton aiki ko wasiƙar ofis.